Yadda ƙauyen manoma zai shirya wa rashin lafiyar damina tun daga kaka

A ƙauyen da ya dogara da noman damina, kuɗi da cuta ba sa zuwa lokaci ɗaya. Kuɗi na shigowa daga Oktoba zuwa Disamba, bayan an kai wake da gyaɗa da riɗi kasuwa. Cuta kuwa tana tsananta ne daga Yuli zuwa Satumba: sauro ya yi yawa, ruwan sama ya wanko ƙazanta zuwa rijiya, rumbu ya yi ƙasa, hanya ta yanke, magidanta suna gona tun asuba. Wanda ya bari sai yaro ya fara taune-taune a tsakiyar marka sannan ya fita neman rance da mai babur, ya riga ya makara. Don haka ake fara wannan aiki da kaka, kuma gari ne ke yin sa tare.

Mataki na ɗaya: kwamiti, littafi da sanin hanya

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa: wakilin dagaci ko mai unguwa, liman, ungozoma, mace ɗaya ko biyu da matan gari ke jin maganarsu, matashi mai waya da ya iya rubutu, da wani mai abin hawa. Idan akwai ruga kusa, a sa wakilinta.

Aikinsu na farko shi ne littafi. A rubuta masu juna biyu da watan da ake sa ran haihuwarsu, yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu ciwon da ba ya rabuwa da magani, irin su hawan jini, ciwon sukari, sikila da farfaɗiya. Shafin masu ciki a bar shi hannun ungozoma, domin mai cikin fari ba za ta faɗa a gaban maza ba, kunya za ta hana ta.

Sai a auna hanya da agogo, a rubuta minti nawa ake yi da rani, nawa ake yi idan rafi ya kawo. Wurare uku ake bukata: ƙaramin asibiti mafi kusa, cibiyar lafiya matakin farko ta mazaɓa, da babban asibitin da ke yin tiyata da ƙarin jini. Mutum biyu su je da ƙafarsu su tambaya: wa ke kwana a nan da dare, mene ne lambar wayarsa, wace rana ake awo, wace rana ake rigakafi, akwai maganin dafin maciji? Sau da yawa ana ɓata awa biyu ne wajen kai mai naƙuda ƙaramin asibitin da ke kulle, ko wanda dama ba zai iya aikin ba.

Mataki na biyu: asusun gaggawa

Karo-karon kuɗi kowane wata ba ya ɗorewa a ƙauye, domin daga wata na uku ake fara jin "sai ranar kasuwa". Hatsi ya fi sauƙin tarawa. A karɓa sau ɗaya, a masussuka ko a makon da aka gama ɗaurin dami. Misali, gari mai gida 80, kowane gida ya ba da tiya biyu ta gero ko dawa, an sami tiya 160, kusan buhu huɗu ke nan.

A sayar da rabi nan take domin a sami kuɗi a hannu. Ragowar a ajiye zuwa farkon damina, lokacin da hatsi ya saba yin tsada, amma kada a yi lissafi da ribar da ba a gani ba, don akwai shekarun da farashi ke faɗuwa. Ajiyar a yi ta a buhun PICS mai leda biyu a ciki: hatsin ya bushe ƙayau, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora kan katako nesa da bango. Ƙwaro na mutuwa ne saboda rashin iska, ba a sa magani. Huda ɗaya daga ɓera ko tsinke ta ɓata aikin, shi ya sa ake duba buhunan duk wata.

Dokokin asusu a faɗe su a bainar jama'a, bayan sallar Juma'a ko a ƙofar dagaci, kuma a rubuta:

- Abin da asusu ke biya: kuɗin mai da abin hawa, da kuɗin da asibiti ke nema kafin a taɓa majiyyaci. Naƙuda, yaro mai tsananin ciwo, saran maciji, haɗari.
- Abin da ba ya biya: suna, biki, taki, jari.
- Rance ne ba ruwa, ana mayarwa da kaka mai zuwa, da kuɗi ko da hatsi.
- Mutum biyu ke riƙe kuɗi a unguwanni daban, kuma kowannensu na da ikon fitarwa da dare ba tare da jiran taro ba.

Abu uku ke kashe irin wannan asusu. Na farko, babban mutum ya ranta, a ji nauyin tambayarsa. Maganinsa shi ne karanta sunayen masu bashi da ragowar kuɗi a fili duk wata uku, ba sani ba sabo. Na biyu, a zuba kuɗin duka a banki ko a waya, ranar bukata a tarar babu sabis, mai POS kuma ya rufe. Kuɗin tafiya biyu zuwa babban asibiti su zauna tsaba a gari kullum. Na uku, gidajen da ba su iya ba da komai ba, marayu da zawarawa da tsofaffi, a ce ba su da haƙƙi. Su ne suka fi bukata. A nemi masu hali su biya musu, kuma liman ya yi bayanin yadda zakkar amfanin gona za ta kai gare su.

Mataki na uku: mai juna biyu

Nan ne minti ke da tsada. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu, saboda haka abu huɗu ake tsarawa kafin ciki ya shiga wata takwas.

Izini. Maigida na iya kasancewa a gona mai nisa ko ya tafi ci-rani. Ya faɗa tun yanzu, a gaban mahaifiyarsa da wani dattijo, cewa duk lokacin da matarsa ta ga alamar haɗari a kai ta asibiti ko ba ya nan. Mata da yawa sun kwana suna zubar jini ana jiran wanda zai ce "a tafi".

Abin hawa. A yi magana da direba biyu da masu babur uku, a tsayar da kuɗin tafiyar dare tun da rana tsaka, a rubuta lambobinsu a bangon masallaci da gidan ungozoma. A jihohin Arewa da dama ƙungiyar direbobi ta NURTW na da tsarin ɗaukar masu naƙuda, sai a tambaya a tasha mafi kusa. A ajiye lita biyar ta fetur a wurin da ba wuta ba yara, a riƙa sauya shi. Inda rafi ke yanke hanya, a san mai kwalekwale, a kuma san motar da za ta jira a tsallake. Macen da aka taɓa yi wa tiyata, mai tagwaye, mai hawan jini, yarinya ƙarama mai cikin fari, ko wadda ta haihu fiye da biyar, gara ta koma gidan dangi kusa da babban asibiti mako biyu kafin lokacinta. Idan goyon ciki za a kai ta gidan iyaye, a duba wane gida ya fi kusa da asibiti.

Jini. Asibiti kan nemi dangi su bayar ko su mayar. A sami matasa lafiyayyu goma su je a gwada rukunin jininsu, a rubuta. Biyu su bi motar duk lokacin da aka fita da mai zubar jini.

Awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa sau takwas. A can ake auna hawan jini, a ba da maganin ƙarin jini, allurar tetanus, da ƙwayoyin SP na rigakafin zazzaɓin cizon sauro, waɗanda ake fara sha bayan wata uku na farko, sau ɗaya a wata, aƙalla sau uku.

Alamomin da ba a kwana da su: jini ko kaɗan ne a lokacin ciki, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi, fashewar faya ba naƙuda, ɗa ya daina motsi, naƙudar da ta wuce awa 12, hannu ko cibiya ya riga fitowa, mabiyiya ba ta faɗo ba bayan rabin awa, ko ƙunzugu ya jiƙe sharkaf cikin minti biyar. Doguwar naƙuda ita ke jawo yoyon fitsari, kuma yankan gishiri ba ya buɗe hanya, sai dai ya ƙara ɓarna. Idan jini na zuba, a murza mara da ƙarfi har mahaifa ta yi tauri, a sa jariri a nono, ta yi fitsari, a rufe ta, duk ana tafiya. Mai jijjiga a kwantar da ita ta gefen hagu, kada a tura mata cokali ko ruwa a baki.

Cibiyar jariri a shafa mata man chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti, ban da toka, man goge baki ko gashi da tsumma. Mai jego da ta fara haki da kumburin ƙafa a tsayar da kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi, a kai ta a duba zuciyarta. Likitocin Zariya sun daɗe da gano alaƙar abubuwan nan da ciwon zuciyar masu jego.

Mataki na huɗu: abin da gari ke da haƙƙi a kai

Dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya matakin farko, asusun da ake kira BHCPF. Manufarsa cibiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, da inshorar kyauta ga marasa galihu ta hannun hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha. Guraben ba su da yawa kuma akan nemi lambar NIN, don haka a yi wa mata da tsofaffi katin ɗan ƙasa da rani, a kuma sa wakilin gari cikin kwamitin raya mazaɓa, inda ake jin labarin rajista. A Nijar kuwa, tun 2006 doka ta ce kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta ne, ko da yake magani kan yanke a likita, sai an saya a waje.

Rigakafin yara kyauta ne: ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9, sai allurar ƙyanda ta biyu a wata 15. Idan gari na da nisa, kwamiti ya nemi ma'aikata su riƙa zuwa rana ɗaya a wata, a tara musu yara a wuri ɗaya. Kati a sa shi a leda, a ajiye inda ruwa da gara ba sa kaiwa.

Mataki na biyar: ruwa

Gyaran rijiya aikin bazara ne, lokacin da ruwa ya yi ƙasa. A yashe ta, a ɗaga bakinta da siminti, a yi dakali mai gangara da magudana, a yi murfi, a rataye guga ɗaya ta gari maimakon kowa ya zo da tasa da ta kwana a ƙasa. Masai ya yi nisan aƙalla mita 30, kuma ya kasance ta gangare. Wurin shayar da dabbobi a ja shi gefe.

Famfon tuƙa-tuƙa yakan ba da sanarwa kafin ya mutu. Idan da safe sai an daɗe ana bugawa kafin ruwa ya fito, bawul ɗin ƙasa ne ke yoyo ko bututu ya tsage. Idan ana bugawa ruwa na fitowa kaɗan-kaɗan, robobin ciki sun cinye. Hannu na lilo gefe da gefe, boris ne. A riƙa ɗaure notuna, a shafa wa sarƙa giris duk wata, a sayi robobi a ajiye. Kuɗin famfo a raba shi da asusun gaggawa.

A gida, ruwa mai laka a tace shi da tsabtataccen ƙyalle, a sa alif ya kwanta, a tsiyaye. Alif ba ya kashe ƙwayar cuta, sai an tafasa ruwan ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko an sa sinadarin kulorin. Ƙwayar Aquatabs mai miligiram 67 ta lita 20 ce, a jira minti 30. Jarkar da aka saba gani mai ruwan ɗorawa lita 25 take ci, kada a cika ta. Yawancin ruwa a randa yake ƙara gurɓata, daga moɗar da kowa ke sha ya mayar. A rufe randa, a yi mata moɗa mai dogon hannu ta ɗiba kawai.

Mataki na shida: yara daga Yuli zuwa Oktoba

Zazzaɓi. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina na bi gida-gida duk wata, sau huɗu, wasu wurare sau biyar, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Na ranar farko a gabansu ake sha, na rana ta biyu da ta uku uwa ke bayarwa, kuma nan ake sakaci. Ranar rabo kada a tafi da yara gona. Gidan sauro a shanya sabo a inuwa kwana ɗaya, a ɗinke huda, a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma. Wanda aka kewaye lambu da shi ba ya kare kowa.

Yaro ya yi zazzaɓi, a yi gwajin jini na ɗan yatsa cikin kwana ɗaya, minti 15 zuwa 20 ake ganin sakamako. Idan cizon sauro ne, maganin artemether-lumefantrine ake sha sau shida cikin kwana uku, na biyu bayan awa takwas da na farko. Da nauyi ake auna shi: ƙwaya ɗaya mai miligiram 20/120 ga kilo 5 zuwa 14, biyu ga 15 zuwa 24, uku ga 25 zuwa 34, huɗu daga 35. A ba shi da nono, madara ko abinci mai maiƙo, domin ta haka yake shiga jiki. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayawa idan jiki ya yi sanyi a rana ta biyu, a ajiye ragowar wa ƙani. Zazzaɓin zai dawo.

Gudawa. A daina ɗora laifi kan haƙori. Rashin ruwa ke kashewa. A zuba ƙunshin ORS, wato garin gishiri da sukari na masu gudawa, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, amma a karanta jikin leda, akwai na rabin lita. Idan babu, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri, a lita ɗaya. Kada gishirin ya fi na hawaye. Bayan kowane zawo, ɗan ƙasa da shekara biyu ya sha rubu'i zuwa rabin kofi, yaron da ya fi haka rabi zuwa kofi guda, da cokali a hankali. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Ruwan ORS da ya kwana ya wuni a zubar. A haɗa da zinc kwana 10 zuwa 14, miligiram 20 a rana, rabin haka ga jariri ƙasa da wata shida. Nono da abinci ba a tsayar da su. Idan manya suka fara zawo kamar ruwan shinkafa, kwalara ce har sai an tabbatar ba ita ba: a fara ORS, a sanar da asibiti ranar.

Tamowa. Kowace unguwa ta sami tef ɗin awon damtse, a auna yara daga wata 6 zuwa 59 duk wata a tsakiyar damtsen hagu. Ja, ƙasa da santimita 11.5, asibiti. Ruwan ɗorawa, 11.5 zuwa 12.5, a ƙara abinci a kuma nuna wa ma'aikaci. A danna bayan ƙafafu biyu daƙiƙa uku. Idan rami ya zauna, tamowa ce mai tsanani ko da yaron ya yi kamar mai ƙiba. Abincin leda na gyaɗa da ake bayarwa magani ne na yaro ɗaya; raba shi da 'yan uwa ko sayar da shi ke sa yaro ya yi wata biyu bai tashi ba. Rigakafinta kuwa a rumbu yake: da kaka a ware wake, waken suya, gyaɗa da busasshen zogale na yara kafin a kai saura kasuwa. Kunu tsararo cika ciki kawai yake yi, a kaurara shi da garin gyaɗa ko waken suya da ɗan mai. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a zubar, dafi gare su mai lalata hanta.

Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, yake amayar da komai, ya yi taune-taune, ya yi laushi ba ya farkawa sosai, idonsa ya zurma, tafin hannunsa ya yi fari fat, ko haƙarƙarinsa ke shiga ciki in yana numfashi, ba na kemis ba ne. A ƙirga numfashi na minti ɗaya yana kwance shiru: 60 ga ɗan ƙasa da wata biyu, 50 daga wata biyu zuwa shekara, 40 daga shekara zuwa biyar, duk sun yi yawa.

Haɗarin gona

Saran maciji ya fi yawa lokacin shuka da girbi. Kububuwa ce ta fi kisa a yankinmu, dafinta na hana jini daskarewa, shi ya sa mutum kan ga kamar ya samu sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya ɓalle ta dasashi da fitsari. A cire zobe da abin hannu, a ɗaure gaɓar da sanda kamar karaya don kada ta motsa, a ɗauke shi kada ya taka, a tafi. Ban da ɗaure jijiya da igiya, tsagawa, tsotsa ko dutsen maciji. Maganin dafi kaɗai ke aiki, kuma ba kowane asibiti ke da shi ba. Asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna a wannan fanni. Idan maciji ya tofa dafi a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take. Takalmin roba mai tsawo da tocila sun fi duk wannan arha.

Mai feshi ya rufe hanci da jiki, ya juya wa iska baya, kada ya busa bakin injin da bakinsa idan ya toshe, kada ya ci goro ko abinci sai ya wanke hannu. Wanda magani ya kama zai yi gumi, dalalar miyau, amai, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance. A cire masa tufafi, a wanke shi da sabulu, a kwantar da shi ta gefe, a tafi asibiti da kwalbar maganin domin likita ya san abin da zai ba shi. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko manja. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne nesa da rijiya, kada ta koma ta zuba mai ko ruwan sha. Ƙwayar nan ta adana hatsi da ake ce wa bom hayaƙi mai kisa take fitarwa, don haka buhun da aka sa wa ita ba ya kwana ɗaki ɗaya da mutane, ko a ɗakin da ke haɗe da na kwana.